Asalar da Kawu Ya Zubar a Kwata

Duk damina, da na ji wani ya fasa asala da haƙori a tashar Zuba, sai raina ya ɓaci. Ka san ta ai, baƙar ƙwayar nan da ake dafawa a ƙulla a leda, cikinta fari tas. Ita ba ta yi mini komai ba, da Kawu nake.

Muna Tungan Maje lokacin, ina 'yar firamare. Kaka tana fama da ciwon suga, an hana ta duk abin da bakinta ke so, ta rame har zani na zagaye ta sau biyu. Ƙawarta ɗaya ce tak a unguwar, maƙwabciyarmu, wata Kirista mai aikin jinya. Kullum da la'asar suna kan tabarma ɗaya suna dariya. Ran nan ta shigo da kwano cike da asala, da ɗuminta.

"Mama, ci wannan," ta ce. "Yana riƙe ciki, ba ya tada suga, yana ba mutum ƙarfi."

Kawu, wanda bai taɓa ganin abu ya bar shi ya wuce ba, ya tauna biyu ya kora da ruwa. Nan take ya tofar yana salati. Haka asala take: ka ci ka sha ruwa, sai ruwan ya yi ɗaci. Ni na sani, don na sha ci a gidan matar. Ina buɗe baki ya daka mini tsawa. Ya ce abin da ke mayar da ruwa ɗaci ba abinci ba ne, wani abu aka sa wa uwarsa. Ya juye kwanon a kwata, a kan idon matar.

Ta tsugunna ta ɗauki kwanonta, ba ta sake taka gidanmu ba. Kaka ta koma zaman tabarma ita kaɗai, tana aika ni in gaishe da ƙawarta a ɓoye, har Allah ya karɓi ranta. Har yau abin na ƙona mini rai.

Bara jinin Kawu ya hau, likita ya ce ya bar soye-soye, ya riƙa cin asala don man da ke cikinta na taimakon zuciya. Yanzu shi ke mana wa'azinta, har da gargaɗin kada a bi ta da ruwa. Na kasa haƙuri, na tuna masa matar. Ya dube ni, yana tauna, ya ce wai wace mata?