Ruwan da Labbo Ya Hana Duna

Labbo mutumin Furfuri ne, maƙwabcina, gajeren mafarauci mai taurin kan tsiya. In ya kafe a kan magana, gara ka je ka yi gardama da turmi. Ba shi da gonar kirki, 'ya'yansa biyu sun rasu tun suna goye, sai ya rage daga shi sai matarsa Tambaya sai baƙin karensa Duna. Mutanen gari kan tattare riga in Duna ya gifta, don kada yawunsa ya ɓata musu tsarki, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi zomon da ya kamo ba.

A farin shekarar saba'in da uku gero ya ƙone a tsaye. Duna ne ya riƙe gidan. Abin da ya kamo, gafiya ko damo ko zomo, shi Tambaya ke kyafewa ta kai kasuwa a ba ta dawa. Sai karen ya fara ramewa, ciki ya kumbura, yana jan gindi a ƙasa, ga tsutsa fara fat a kashinsa.

Ana nan Malam Ishaya, ma'aikacin dabbobi da ke zaune a Sabon Garin Gusau, ya zo Bungudu yi wa shanu allura. Labbo ya ja Duna har can. Ishaya bai ƙyamaci karen ba. Ya buɗe bakinsa, ya duba ido, ya ba da ƙwaya biyu.

"Ɗaya yau, ɗaya bayan mako biyu," in ji shi. "Zai iya yin zawo kwana ɗaya ko biyu, kada ka tsorata. Ka ajiye masa ruwa ya yi ta sha, ka ba shi kunu mara tsami kaɗan-kaɗan. In ka ga jini ko ya kasa tashi, ka kawo mini shi."

Labbo ya ce to. Amma to ɗin Labbo ba ta wuce leɓe.

Ya ba da ƙwayar farko, washegari tsutsa ta fito tuli. Murna ta kwashe shi, ya ce tunda ɗaya ta yi wannan aiki, me ake jira da ta biyun? Ya tura masa ita cikin loma. Kafin azahar zawo ya ɓarke.

A nan ne ya yi abin da har yau nake jin haushinsa, kuma nake jin tausayinsa. A gidajenmu haka muka tashi muka tarar: mai zawo ba a ba shi ruwa, wai ruwan ne ke ƙara tsinka ciki. Haka kakarsa ta yi wa uwarsa, haka uwarsa ta yi masa. Ya ɗaure Duna a gindin ɗorawa, ya kife kaskon ruwansa. Tambaya ta tuna masa maganar Ishaya.

"Mi ɗan boko yas sani ga kare?" in ji Labbo. "In yas sha, hita shikai. Bari cikin shi bushe."

Cikin bai bushe ba, karen ne ya bushe. Rana ta uku idanunsa sun faɗa, harshe ya kafe, in ka ja fatar wuyansa sai ta tsaya a tsaye. Labbo ya ga jini. Nan take ya saɓa Duna a kafaɗa ya fita bakin hanya.

Motoci biyu suka tsaya, duka suka wuce. Direba na biyu, Umaru, ya san shi sarai, amma fasinjoji suka ce ba za su zauna da kare mai zawo ba, ga tufafin da za su yi salla da su a jikinsu. Ban ga laifinsu ba. Labbo ya kama hanyar Gusau a ƙasa, rana tsaka, ƙazanta na bin bayan rigarsa.

Da la'asar sakaliya ya iso ƙofar Ishaya. Sauran labarin daga bakin Ishaya na ji shi, don Labbo bai taɓa ba ni ba har ya rasu, kuma bai sake kiwon kare ba. A kakar nan Tambaya ta koma surfe a gidajen mutane, shi kuma ya koma faskare.

Ishaya ya ce ya shimfiɗa Duna a inuwa, ya taɓa ƙirjinsa, ya ji shiru. Karen ya riga ya mutu a kafaɗar mai shi, Labbo bai sani ba.

"Yaushe rabonsa da ruwa?" Ishaya ya tambaya.

Labbo yana tsugune yana shafa kan Duna.

"Kwana ukku," ya ce. "Ɗazu mun biyo ta gulbi, akwai sauran ruwa ga wani kwari. Yaj ji ƙamshinai, yat tada kai, yana kuka yana son sauka. Malam, ni da hannuna nir riƙe bakinai har munka wuce."