Kurajen Idon Yaya Rifkatu

"Ke mai digiri, dubi idon nan da kyau."

Mama Ladi ce, maƙwabciyarmu a Narayi, mai sharar asibiti. Shekarar da soja suka miƙa mulki ne. Ƙuraje masu ruwa sun feso a fatar idon yayata Rifkatu, wadda maganin ciwon daji ya raunana wa garkuwar jiki.

Na ce, "Tautau ne, Mama. Toka za mu shafa."

"Toka? Na sha ganin irinsu a wurin aiki. Ku tafi asibiti yau, kafin su ci idon."

Likita ya ce ƙwayar cuta ce, da mun jinkirta da idon ya tafi.

Na je godiya, ta ce miyarta na ƙonewa, ta rufe ƙofa. Na taho ina jinjina kai.

Ku fa, wa ya taɓa cetonku haka?