Matar da Ta Shayar da Ɗana a Riyad

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani ƙaramin gari can arewacin Saudiyya, inda maigidana yake aikin gwajin jini a asibiti, 'yarmu ta fari ta soma wani zazzaɓi da ya ƙi jin magani. Shekararta biyar. Ubanta ne da kansa ya ɗibi jininta ya duba, kuma tun da na ga ya shigo har tsakar ɗaki da takalmi a ƙafa na san akwai magana. Sankarar jini ce. Bayan kwana uku aka tura mu babban asibiti a Riyad, da ita da ƙanenta ɗan wata huɗu a bayana.

Hutun kwana goma kawai aka ba maigidana. Ba mu san kowa a Riyad ba sai wani abokinsa direba da ke zaune a Sulay, su shida a ɗaki ɗaya, maza zalla. Mutanen kirki, har sun ce za su kwashe katifunsu su bar mana ɗakin, amma unguwa ce ta sito-sito da gareji, ba wurin mace da jariri ba. Ana cikin haka wata ma'aikaciyar asibitin ta ba mu takarda zuwa wani gida a Nasiriya, na wata ƙungiyar agaji da ke saukar da iyayen yaran da aka kwantar.

A mota na ce wa maigidana, "Yanzu ni da digirina gidan sadaka za ka kai ni?"

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "To digirin ne zai riƙe miki yaron?"

Gida ne mai hawa biyu, kowane iyali da ɗakinsu, kicin ɗaya babba, da motar da ke kai mata asibiti safe da yamma. Mai kula da shi wata dattijuwa ce Balarabiya, tsohuwar malamar makaranta, kowa mushrifa yake ce mata. Takardar asibiti da iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar, kawai ta duba, ta miƙo mini makulli. Ta ce, "Ya binti, ɗiyata, nan gidanki ne har ranar da 'yarki za ta fita da ƙafarta."

Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, makon farko yajina da daddawata a akwati nake kulle su, kowace roba na sa a firji sai na rubuta sunana a kai da manyan haruffa. Sai da na lura ni kaɗai nake wannan aiki. Duk wadda ta dawo daga asibiti a gajiye tukunyar da ta tarar a wuta take buɗewa ta ci, ba ta tambayi mai ita ba.

Ɗakin da ke kallon nawa na wata 'yar Sudan ne, doguwa, kullum cikin lafaya, ba ta da yawan magana. Shekara tara da aure kafin ta samu haihuwa, kuma yaron ya zo a wata bakwai da matsalar zuciya, yana cikin kwalba. Sau biyu a rana ake barinta ta gan shi. Ta kan tatsi nono a 'yan kwalabe ta kai wa nas-nas. Mijinta makiyayi ne a wata gona can kudu, sai ran Juma'a yake zuwa. Larabcina na kasuwa ne, nata kuma na Sudan, don haka rabin hirarmu da hannu muke yi.

Bayan zagaye na biyu na maganin sankara, garkuwar jikin 'yata ta faɗi, zazzaɓi mai zafi ya shiga. Likita ya ce za a keɓe ta a ɗaki ita kaɗai, mutum ɗaya ne zai zauna da ita, ba shiga da fita, kuma jariri ko bakin ƙofa ba zai zo ba. Maigidana ya riga ya koma aiki, ya nemi ƙarin hutu an hana. Ɗana kuwa ya ƙi bulumboti ƙememe. Na canja madara, na canja kan robar, na gwada cokali, yana turewa yana ihu har muryarsa ta dishe. Washegari da azahar ake so in shiga ɗakin.

Da safen nan ina zaune a ƙasan kicin, yana kuka ina kuka, sai ga 'yar Sudan. Ta tsuguna ta karɓe shi, ta dube ni, ta nuna ƙirjinta. Gaban lafayarta duk ya jiƙe.

Ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, in kin yarda, in mijinki ya yarda."

Dukanmu mun san abin da hakan yake nufi. In ya sha ya ƙoshi sau biyar, ya zama ɗanta har abada. Muka kira mazajenmu a waya, kowanne ya ce ya yarda. Mushrifa ta ɗauko takarda ta rubuta sunayenmu da na iyayenmu da garuruwanmu, ta yi kwafi biyu, ta ce wannan magana ce ta aure wata rana, ba a barinta a baki. Yaron nan da ya kwana biyu yana yaƙi da ni, tana sa shi ya kama, ya yi tsit. Ba zan ɓoye muku ba, da farin cikin da na ji akwai ɗan kishi a ciki.

Kwana goma sha tara na yi a ɗakin nan da 'yata. Akwai ranakun da ba ta iya ɗaga kai, bakinta duk gyambo, ko ruwa ba ya wucewa. Abin da ya riƙe ni shi ne kiran bidiyo da 'yar Sudan take yi mini kullum bayan la'asar. Ta nuna mini ɗana an yi masa wanka, an shafe shi da mai, yana wasa da gefen lafayarta. Ni kuma in tambaye ta jikin nata jaririn. Kwanakin farko takan ce in yi addu'a. Wata rana ta ce, "Irtah, alhamdulillah." Wato ya huta. Na ɗauka an cire masa robobin da ke hanci da baki ne. Har na ce mata mabruk, ina taya ta murna. Ta yi murmushi, ta juya wayar wajen ɗana.

Allah cikin ikonSa zazzaɓin ya sauka, jinin 'yata ya farfaɗo, aka mayar da ita ɗakin kowa. Na bi motar safe na koma gidan. Na tarar da ɗana ya yi kumatu, da ƙyar ya yarda ya zo hannuna. Sai na ga akwatunan 'yar Sudan a ɗaure a bakin ƙofa.

Na ce, "An sallame ku ke nan? Ina yaron?"

Kafin ta amsa, mushrifa ta kamo hannuna ta ja ni ofishinta. Ta zaunar da ni, ta zuba mini gahawa, ta jira na kurɓa. Sannan ta gaya mini. Jaririn ya rasu a kwana na bakwai da shigata. A nan Riyad aka yi masa sutura. Mijin ya zo ya ce su tafi, ta ce ba inda za ta sai uwar wannan yaron ta fito. Ta bi matan gidan ɗaya bayan ɗaya ta roƙe su kada wadda ta gaya mini, wai abin da ke kaina ya ishe ni. Mata sun fi goma a gidan nan, kullum wasunsu suna wucewa ta gaban gilashin ɗakina a asibiti suna ɗaga mini hannu, babu wadda bakinta ya suɓuce.

Mushrifa ta ce, "Ƙa'idarmu, in an gama da asibiti kwana uku ake ƙarawa a bar ɗaki. Ni kuma na tsufa, mantuwa ta yi mini yawa."

Na koma wurin 'yar Sudan. Na durƙusa na riƙe ƙafafunta. Ta ɗago ni, ta share mini fuska da gefen lafayarta, ta ce in ba ta ɗana ta shayar da shi na ƙarshe kafin mota ta zo. Na miƙa mata. Ta zauna a kan akwatinta, ta rufe shi da mayafi, tana yi masa wata waƙa tasu a hankali har ya yi barci. Da azahar mijinta ya iso suka tafi.

Mun ƙara wata bakwai a gidan. 'Yata ta warke, yanzu tana sakandare, ta fi ni tsawo. Na ga alheri iri-iri a rayuwata, amma har yau ban ga kamar kwana goma sha biyun nan da ta zauna bayan rasuwar ɗanta ba. Mace ta binne ɗan da ta yi shekara tara tana roƙo, ta dawo ta yi wa ɗan wata wanka, ta shafa masa mai, ta gyara fuska ta kira uwarsa. Na kan auna kaina da ita, in ga ban kai ko'ina ba. Na kuma gane cewa waɗanda suka gina gidan nan sun san abin da suke yi da suka haɗa mu a kicin ɗaya.

Muna waya har yanzu. Daga baya Allah Ya ba ta 'ya mace, ɗana ya san yana da ƙanwa a Sudan. Sau ɗaya na yi ƙarfin halin tambayarta yadda ta iya zaman nan. 

Sai ta ce, "Nono yana zuba, yaro yana jin yunwa. Ina zan je?"