Kifin da ya fito daga pompo

Duk aikin ruwan da na yi a rayuwata, babu wanda ya zauna mini a rai kamar na lambun matan wani ƙauye da ke bakin tafkin Madarumfa. Ranar da aka zo duba shi ba za ta taɓa fita daga kaina ba.

Muna shekarar ƙarshe a jami'a, sashen injiniya, aka tura mu aikin taimakon al'umma. Akwai rijiyar foraj, wato burtsatse, a lambun, mu kuma muka sa mata injin mai aiki da hasken rana, muka ɗora tanki a kan ƙarfe, muka ja bututu zuwa kwamin ban ruwa. Sharaɗin shi ne, bayan 'yan watanni malaminmu zai zo ya gani. In ruwa na zuwa, mun gama karatu. In babu, sai baɗi. Matan sun san da haka, don mu da bakinmu muka yi ta faɗa musu, har da marairaicewa.

Ranar muka iso da hantsi, kowa ya sha guga. Malam ya tambayi shugabar matan, wata dattijuwa da muke kira Inna, yadda aiki ke tafiya. Ta ce, "Mushe," haka suke kiran malamin boko, "sai godiya. Ɗiyan ga sun yi mana komi." Ya murɗa pompo, ruwa ya ɓarke. Ni har na fara hango kaina da takardar digiri.

Sai ga wani ɗan mitsitsin kifi ya faɗo cikin kwamin, yana wutsil-wutsil.

Malam ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo gare mu ya ce, "Ashe foraj ɗinku har kifi yake haihuwa?" Babu wanda ya yi dariya. A lokacin ne na lura da gammaye jiƙaƙƙu da aka shanya jere a kan shinge.

Inna ta rufe baki da gefen zane, ta ce, "Injin ya daɗe da tsayawa. Da muka ji za ku zo, shi ne muka cika tankin da ruwan tabki. Yaro ya baro gidansu ya yi maka alheri, ka tashi ka kada shi gaban malaminai? Ba a yin haka."

Kunya ta kama ni, tausayi ya fi ta. Mata masu jikoki sun yi ta hawa tsani da bokiti don kada mu faɗi, alhali salat ɗinsu na ƙonewa.

Malam bai yi faɗa ba. Ya ce mana kawai, "Yau babu maki. Ku zauna nan." Muka zauna a ƙauyen. Ashe yashi ne ya toshe injin. Muka gyara, muka koya wa matan kwance shi da wanke shi, har sai da Inna ta iya yi mini tsawa in na riƙe sifana a karkace. Abokanmu suka riga mu fita, mu sai daga baya.

Abin da na koya shi ne, muddin mutane na jin nauyin gaya maka aikinka ya lalace, to bai zama nasu ba tukuna, kyautar baƙo ce suke lallaɓawa. Har yau in aka tura ni duba wani aiki, ba na fara murɗa pompo. Shinge nake fara dubawa, in ga ko gammo ya bushe.