Rairayin da Na Sa Aka Shimfiɗa wa Jirgi

Malam Edita, ni ba gwanin alƙalami ba ne, shekara biyu na yi a boko aka koro ni. Amma a ƙauyenmu da ke tsakanin Gagarawa da Gumel, zamanin da jirgin sama ya fara sauka Kano, shekara biyun nan ta ishe ni ɗaga hanci. Ni ke karanta wa kawuna takarda. Shi ne dagaci, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar ubana.

Wata rana takarda ta zo, wai a share fakon da ke arewa da gari, a tone kututture, ƙaramin jirgi zai sauka. Iyakar abin da ta ce ke nan. Aka share. Da na dubi filin sai kunya ta kama ni, tsandauri ne duk ya tsattsage. Mu da ko malamai za a tara sai an zuba farin rairayi a zaure, balle baƙon da zai sauko daga sama? Na ce a ɗora wa jakuna mangala a yi ta jida. Kawu ya ce shi dai ya sha ganin jaki da kaya yana kafewa a yashi, ƙarfe kuwa ya fi jaki nauyi. Na ce masa haka takarda ta ce. Ƙarya na shara masa a gaban talakawansa, ya sa aka fara jida. Kwana huɗu ana zubawa.

Da hantsi jirgin ya iso. Shi ma matuƙin ba zan wanke shi ba. Mun tayar masa da hayaƙi don ya ga inda iska ta dosa, ko zagaye bai yi ba, ya hango wuri fari fat ya sako kai, iska na bayansa. Ƙafafun na taɓa rairayi suka nutse, hancin ya caki ƙasa, jirgin ya kife. Matuƙin ya fito da jini a goshi yana ta zage-zage. Akwai wani makaniki zaune a bayansa, da ƙyar muka zaro shi, bai kai Gumel da rai ba.

Da Baturen mulki ya zo bincike, ni ne tafinta. Ya tambayi wanda ya sa aka zuba yashi. Kawu ya dube ni sau ɗaya, ya ce garinsa ne, shi ne ya sa aka zuba. Ni da bakina na juya maganar zuwa Turanci. Aka warware masa rawani a bainar jama'a, laifin matuƙin kuwa, Bature ɗan'uwansu, ba wanda ya tayar. Kawu ya ƙetara zuwa Damagaram wajen 'yarsa. Sau uku ina ɗaura niyyar zuwa neman gafara, ina kaiwa Maigatari in juyo, har labarin rasuwarsa ya same ni.

To, ku masu ɗan karatu a gidan da ba a iya ba, idon mutanenku ne a hannunku. Ka karanta abin da ke takarda, ka tsaya nan, kada ka ƙara mata gishirin kanka. In kuwa ka yi ɓarna, ka buɗe baki tun mai yafe maka yana numfashi. Ni ga shi na haura hamsin, ko inda kabarinsa yake ban sani ba.