Ranar da Na Zuba Siminti a Daɓen Ɗakina

Ni 'yar Birnin Kudu ce, kuma lokacin da aure ya kai ni Maruta ina ji da wannan fiye da kima. Gidanmu bayan kasuwa yake, babana tela ne, ɗakin mahaifiyata kuwa da siminti a ƙasa tun kafin in yi wayo. Siminti fa! A watsa ruwa, a goge da tsumma, a zauna a miƙe ƙafa. Shi ya sa da na tarar matan ƙauye na ɗokin daɓe kamar ana ɗokin biki, sai na riƙa yi musu kallon masu wahalar da kansu a banza.

Yaran yanzu ba su san daɓe ba, bari in faɗa musu. In maza sun gama gina ɗaki, sai su kwaso jar tsakuwa a kan jakai, a baza ta a ƙasan ɗakin, a jiƙa ta ta kwana. Washegari matan unguwa su taru, kowacce da madaɓinta, wato katako mai faɗin baki da ake bugun ƙasa da shi. Su durƙusa a jere suna bugu suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. Kafin la'asar ƙasan ta yi santsi, ta yi duhu-duhu, in ta bushe ko ƙura ba ta tashi. Ba a biyan kowa. Ki je na wata, ranar naki ta zo. Gayya ke nan, kuma ita ce ta yi ƙasan kowane ɗaki a unguwarmu.

Mata biyu ne ke riƙe da wannan gayya. Ɗaya ita ce wadda muke kira Uwar Daɓe, doguwa, mai murya kamar kakaki, ita ke ba da waƙa, ita ke yanke magana. Ɗayar kuwa surukata ce, mahaifiyar maigidana, da nake kira Inna. Ita ke baza tsakuwa ta jiƙa, ita ke haɗa makuba. Tun kafin a haifi ɗanta take wannan aikin, kuma ba a taɓa jin daɓen da ta jiƙa ya tsage ba. Inna ba ta da shanu, ba ta da gwal. Wannan sunan shi ne dukiyarta, ta kuma san haka.

Ni kuwa shekara biyu cur ban taɓa zuwa daɓen kowa ba. Yau ciwon kai, gobe ciwon baya, jibi na ɗora tukunya. Har matar malamin makaranta, wadda ta zo daga kudu, Hausarta ma ba ta nuna ba, tana zuwa ta yi bugu, in an ba da waƙa ta amsa yadda bakinta ya iya. Ni ko oho. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, wata rana a gidan suna bakina ya suɓuce na ce ai ni ɗakina siminti za a yi masa, ba ruwana da bugun ƙasa. Kafin in dawo gida maganar ta riga ni isowa.

Da rani maigidana ya kira gayyar maza suka tayar mini da sabon ɗaki, tubali da azara, soro mai kyau da sanyi. Ya yi mini alkawarin siminti, kuma da gaske yake. To amma shekarun nan ne da arzikin mai ya shigo, kowa ya tashi gini, gwamnati na gini, 'yan kasuwa na gini, siminti ya zama sai mai hanya. Ya je Gwaram babu, ya je Birnin Kudu aka ce ya dawo, ya koma aka ce ya sake dawowa. Har gajimare ya fara haɗuwa a gabas, ɗakina na nan da ƙasa tsurarta, kayana na jibge a ɗakin Inna. In damina ta sauka ba a yi daɓe ba, sai wata shekarar, don ba ya bushewa cikin laima.

Sai Inna ta tashi tsaye. Mayafinta ta ɗauka ta bi gida gida tana roƙon mata. Daga baya na ji yadda suka yi da Uwar Daɓe. Wai Uwar Daɓe ta ce mata, “Don ke za mu zo, ba don 'yar birni ba. Kuma sau ɗaya ne, ki faɗa mata.” Aka sa ranar Alhamis.

Ranar Talata sai ga yayana, direban babbar mota ne, ya biyo da kaya zai wuce Gwaram. Ya sauke mini buhun siminti guda, wanda ya yage a gefe, ya ce shi kaɗai ya iya samu, in ajiye kafin a sami ƙari. Wayyo daɗi! Na ja shi bayan rumbu na rufe da tsohuwar tabarma, ban gaya wa kowa ba. Buhu ɗaya ba zai yi ɗaki ba, wannan na sani. Amma sai wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke zo wa mutum in Allah ya so a yi masa dariya. Na ce in na gauraya shi da tsakuwar daɓe, washegari mata su buga, ai zai fito da ƙarfin siminti da santsin daɓe gaba ɗaya. In an gama ana ta yabo, sai in yi murmushi in ce to, da ma na faɗa muku.

Ranar Laraba da la'asar Inna ta baza tsakuwarta, ta jiƙa, ta daidaita da hannu kamar mai shimfiɗa wa jariri, ta wanke hannu ta tafi barka maƙwabta. Tana fita na jawo buhuna. Na barbaɗe ɗakin kakaf, na shiga ba takalmi ina juyawa da fartanya, na ƙara ruwa har tulu biyu don ya shiga sosai. Na fito na saki asabari, na wanke ƙafa, na koma ina tankaɗe kamar ban san komai ba. Ni da na girma a kan siminti, wallahi ban taɓa ganin yadda ake kwaɓa shi ba. Ban san ba ya jiran gobe ba.

Ranar Alhamis da hantsi mata suka cika gida. Na dama kunu, na yi dambu, ga goro a faranti. Har kwalli na zizara, don na san yau ranata ce. Uwar Daɓe ta ɗage asabari ta shiga, ta durƙusa, ta yi bisimilla, ta ɗaga madaɓi ta sauke.

Ƙwas!

Madaɓin ya yi tsalle ya kusa bugun goshinta. Ta sake bugawa, sai ga shi ya tsage gida biyu a hannunta. Ta shafa ƙasan, ta dubi tafinta, ta ce a naɗe asabarin nan haske ya shigo. Haske ya shigo kuwa, ni kuma na shiga uku. Ɗakin ya zama dutse, tudu da kwari, ga sarar fartanya duk ta daskare, ga sawun ƙafa ko'ina, raɗau, har da yatsu, daga bakin ƙofa zuwa ƙurya da dawowa. An je neman ƙiba an samo rama.

Uwar Daɓe ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da guntayen madaɓinta, ta ce, “Wa ya zuba mana siminti a ƙasa?”

Na san in na ce ni ce, za su kwashe madaɓansu su tafi, kuma na gama zama da mata a garin nan. Sai na ji muryar Inna a bayana.

“Ni ce,” in ji ta. “Na ga ana ta yabon abin, na ce bari in gwada.”

Uwar Daɓe ta dube ta sama da ƙasa. “Ke ce?”

“Ni ce mana. Tsufa ne.”

“To zo ki sa ƙafarki a sawunki mu gani.”

Jama'a, Inna fa ta shiga. Ƙafarta irin ta matan da suka sha gona ce, faffaɗa, ga faso. Sawun kuwa ɗan siriri ne, na wadda ta saba da takalmi. Ta ɗora ƙafar a kai ta rufe shi ruf, yatsu sun yi gaba, diddige ya yi baya. Ta murza, ta karkata, ta ce wai jiya ƙafar ba ta kumbura haka ba. Wata ta toshe baki da gefen zane. Matar malamin makaranta ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa.

Uwar Daɓe ita kam ba ta yi dariya ba. Ta ce, “To, babba ba ya ƙarya. Tun da kin ce ke ce, ke ce. Amma ki sani, wadda ta zuba siminti a ƙasar daɓe ba za ta ƙara jiƙa mana tsakuwa ba, ba za ta ƙara haɗa mana makuba ba. Daga yau mun nemi wata. Kin yarda?”

Na dubi Inna. Ta ce, “Na yarda.”

Nan fa abin ya fi ƙarfina. Tsohuwar da ban taɓa ɗauke wa ko tulun makuba ba, ita ce za ta ajiye abin da ta fi ƙauna a duniya don kada a ce surukarta sakarya ce. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma wallahi a nan take na ji ina son matar nan. Ban san lokacin da na ture mutane na shiga ɗakin ba. Na tuɓe takalmi, na ce, “Inna, matsa.” Na sa ƙafata a sawun, ta zauna daram.

Na ce, “Ni ce. Inna ba ta ma san akwai siminti a gidan nan ba. Ni na ce na fi ƙarfin daɓe, ga abin da na iya nan kuna gani. Ku yi haƙuri. In za ku tafi ku tafi, amma kada ku taɓa mata makubarta.” Sai kuka, kwallin da na zizara ya bi kumatu.

Uwar Daɓe ta ce, “Af, ashe 'yar birni na da baki.” Ita ta fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka. An yi dariya ranar nan har wata ta zauna daɓas a kan turmi tana riƙe ciki. Kowacce sai ta shiga ta gwada ƙafarta a sawuna ta fito tana cewa ita ma ba ita ba ce.

Da aka lafa, Uwar Daɓe ta yanke hukunci. Ta ce sun yi alkawarin daɓe sau ɗaya, kuma ga shi ba a yi daɓe ba, saboda haka sau ɗayan na nan bai taɓu ba. Yau aikin fasa dutse za a yi, kuma mai dutse ita ce a gaba. Ta miƙo mini taɓarya. Aka aro gatari da diga a maƙwabta, muka hau fasawa, ana kwashewa a kwanduna. Allah Ya taimake ni buhu ɗaya ne, bai ci ƙasa da zurfi ba. Ba a zubar da ɓaraguzan ba, bakin rijiya aka jera su inda taɓo ke damun masu ɗiban ruwa. Muna cikin aiki Uwar Daɓe ta ƙago waƙa a kaina, ta 'yar birni da ta dasa ƙafa a ɗaki tana jira ta tsiro, kuma dole na riƙa amsawa da bakina. Maigidana da ya dawo daga gona ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya juya salin-alin ya tafi neman jakai.

Ranar Asabar suka dawo. Inna ce ta jiƙa sabuwar tsakuwa, ita ta haɗa makuba, ni kuma aka durƙusar da ni tsakanin Uwar Daɓe da matar malamin makaranta. Ashe bugun ma da iyawa. Sai na sauke madaɓi lokacin da kowa ya ɗaga, a ce 'yar birni ta sake ɓata layi, a yi shewa. Kafin azahar na kama kan abin, na ji hannuna na tafiya da waƙar shi kaɗai. Ɗakin ya fito sumul, ja mai duhu, ƙamshin makuba ya cika shi. Kwana tara bayan nan ruwan farko ya sauka, ya tarar da shi a bushe.

Amma abin da na fi tunawa shi ne yammacin Asabar ɗin, bayan mata sun watse. Tafukana duk sun yi bororo, ko ludayi na kasa riƙewa. Ina zaune a gindin rumbu ina hura su, Inna ta zo da man kaɗanya a ɗan kasko ta zauna kusa da ni. Ba mu saba zama haka ba, akwai kunyar surukuta a tsakaninmu. Ta kama hannuna tana shafawa a hankali.

Na ce, “Inna, da na yi shiru fa? Da gaske da kin bar makubar?”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Da na bari mana. Makuba ai ɓawon ɗorawa ce, 'yar nan, kowace shekara tana zubowa. Ke kuwa ke kaɗai aka kawo mini. Miƙo ɗayan hannun.”

Na miƙa mata.