Gurbi Ɗaya Tsakanina da Yaya Mubarak

Ranar wata Lahadi ta ƙarshen watan Agusta, a shekarar da na cika sha huɗu, ni da yayana Mubarak muka shiga ɗakin canza kaya na filin hokin ƙanƙara da sassafe, muka tarar an ɓamɓare sunayen yara biyar daga bango. Mako guda ke nan da fara sansanin atisaye na kulob ɗinmu, inda ake tace waɗanda za su buga wa ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara sha bakwai a kakar wasan da za a shiga. Kowane yaro yana da ƙusar rataye kaya, a samanta an manna farar filasta da sunansa. Kocinmu, wani dogon Bature mai karyayyen hanci wanda ya ci abinci da wasan a ƙasarsu kafin ya tsufa, ba ya kiran mutum ya ce masa an sallame shi. Filastar kawai yake cirewa kafin mu iso. Sai ka shigo da ƙatuwar jakarka, ka ɗaga kai ka ga ko har yanzu ana yi da kai. A safiyar nan wani yaro Balarabe ya tsaya gaban ƙusarsa da jaka a kafaɗa, yana kallon sauran danƙon filastar a jikin fenti, sannan ya ɗaga rigar maƙwabcinsa ya leƙa bayanta, wai ko sunan ya faɗa can ne. Babu wanda ya yi masa dariya. Na duba namu da gefen ido, na ga suna nan a jere, Mubarak da Sadiq, sai na zauna na fara ɗaure takalmi.

Mutane kan yi dariya idan na ce Bakano ne ni amma a kan ƙanƙara na yi ƙuruciya. A Kano aka haife mu, ina ɗan shekara huɗu Baba ya kwaso mu zuwa Dubai, inda yake da shagon takalma da jakunkuna a lungunan Naif. Gidanmu yana hawa na uku a Al Qusais, ɗaki biyu da falo, kuma falon nan bai taɓa zama namu ba, don kullum akwai baƙon Kano da ya zo sari yana kwance a kan kafet da kwalayensa. Tsakar gida babu, zafin waje kuma ba ya barin yaro ya fita sai rana ta faɗi. Saboda haka doguwar barandar da ke tsakanin ƙofofin maƙwabta ita ce filinmu. Wata rana makaranta ta kai mu filin ƙanƙara a cikin wata babbar kasuwar zamani, muka sha faɗuwa har muka gode Allah, muka kuma ga manya suna buga hoki da sanduna suna bin wata 'yar baƙar roba mai siffar gwangwanin man takalmi. Muna dawowa gida muka sa safa biyu-biyu, muka ɗauki tsintsiya mai sanda da sandar goge ƙasa, muka sato gwangwanin man takalmin Baba, muka dinga zamiya a kan tayil har wata maƙwabciyarmu 'yar Indiya ta kai ƙara wajen Umma sau uku. Don a huta da mu ne Baba ya kai mu kulob, yana cewa, "Yalla, maza ku je can ku karya ƙafafunku, ni dai a bar mini baranda."

A gidan nan komai yana da layi, kuma Yaya ne a gabana. Shekara biyu kacal ya ba ni, amma idan aka ajiye mana kwano shi zai fara ɗaukar nama. Ban taɓa kiran sunansa gatsal ba. Idan mai ruwa ya ajiye manyan goruna a ƙasa ni ke kinkimowa sama, idan muka je shago ran Asabar ni ke danne dila da gwiwa shi yana jan igiya, idan za mu shiga jirgin ƙasa na metro ni ke riƙe sandunanmu duka biyu. Umma tana da magana guda da take rufe kowace ƙara da ita: "Yayanka ne, ko da kwana ɗaya ya riga ka." Baba kuwa yakan ce a gidansa ƙarami ba ya ɗaga wa babba hannu, ko da wasa. Ban ɗauki wannan a matsayin zalunci ba, don Yaya yana biyana ta wata hanyar. Shi ya koya mini tafiya da baya a kan ƙanƙara, shi yake tsokanata da Kan Tulu saboda hular kwano ba ta shiga kaina sai an sassauta ta, shi ke tashina da matashin kai, shi kuma ke tsaya mini idan wani ya taɓa ni a makaranta.

To, a shekarar nan abubuwa biyu suka haɗu. Yaya ya gurɗe gwiwarsa ta hagu a kakar da ta wuce, ya warke, amma juyinsa ya yi nauyi. Ni kuma na yi wani irin tsawo na rashin kunya a hutu ɗaya, har na kere shi da ɗan yatsa, kafaɗuna suka buɗe. Dukanmu 'yan baya ne, masu tare maharin da ya nufo raga, kuma a shekarunmu an yarda ka sa kafaɗa ka ture mutum har ya bugu da bangon fili. Wannan ce shekarar Yaya ta ƙarshe a ƙungiyar, kuma daga cikinta babbar ƙungiyar kulob take ɗibar matasa. Idan aka cire shi, an gama. Ni ina da sauran shekaru, kowa ya san haka, amma ba zan yi ƙarya ba: ina son gurbin nan kamar raina, kuma a asirce ina jin daɗin yadda nake wuce shi a tsere.

A mako na biyu ɗakin canza kaya ya zama kamar gidan makoki. Yaran da suke ihu da jifan juna da safa suka koma shiru, kowa yana ƙirga ƙusoshi. Koci ya faɗa tun ranar farko cewa 'yan baya shida zai ɗauka, kuma zuwa Laraba mu bakwai muka rage. Biyar daga ciki ba a maganarsu, sun fi mu nesa ba kusa ba. Ba sai an yi wa mutum lissafi ba. Ni da Yaya ba mu taɓa furta maganar ba, amma ta zauna tsakaninmu a jirgi, ta bi mu har kan kwano. Ya daina kirana Kan Tulu. Na lura yana ɗaure gwiwar a banɗaki don kada in gani, shi ma ya lura ina rage gudu idan aka sa mu tsere a layi ɗaya. Umma ta ga ba ma cin abinci, ta dinga dafa ruwan citta tana cewa sanyin ƙanƙara ne ya shige mu.

Ranar ƙarshe ta faɗo Juma'a da safe, lokacin da shagunan Naif suke rufe, sai Baba ya ce shi zai kai mu. Bai taɓa zama ya kalli wasanmu ba sai ranar. Ya hau benci na sama da farar jallabiyarsa, ya rufa da bargon mota, ya harɗe hannuwa. Bayan an gama zagaye da harbi a raga, Koci ya hura usur ya ce za a yi mutum da mutum: ɗaya ya ɗauko roba daga tsakiya ya bi gefen bango, ɗaya ya tare shi. Ya kira biyu, ya kira biyu, sannan ya kira mu. Ni aka fara bai wa roba, na taho da gudu, Yaya ya auna ni ya haɗa ni da bango da kafaɗa har haƙorana suka haɗu, na zube. Yara suka buga sanduna a ƙanƙara, haka ake tafi a wasan. Na tashi ba tare da jin haushi ba ko kaɗan, don wannan ai daidai yake da abin da na sani tun ina ƙarami.

Sai aka juya. Yaya ya ɗauko roba ya nufo ni, kansa a ƙasa, nauyinsa duk a kan ƙafar dama, ya bar gefensa a buɗe. Ko makaho ya san abin da ake yi a nan. Na matse shi zuwa bango, na sunkuyar da kafaɗa, saura taku ɗaya. A cikin takun nan na tuna Baba yana sama, na kuma ga fuskar Yaya ta cikin ragar ƙarfen hularsa, sai jikina ya ƙi. Ba shawara na yanke ba, kafaɗar ce ta kauce da kanta, na miƙa sanda kawai kamar mai korar kaza. Ya wuce ya zura roba a raga. Babu wanda ya buga sanda. Koci ya hura usur ya ce a sake. Muka sake, na sake kaucewa. Ya ce a sake. Da muka zo giftawa don komawa wurarenmu, Yaya ya matso har hulunanmu suka gogu, ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Sadiq, don Allah ka buge ni mana." Na ji shi sarai. A karo na uku na rantse a raina zan yi, na taho da iya ƙarfina, kuma a taku na ƙarshe na wuce ta gefensa na daki bango ni kaɗai.

A ranar ƙarshe Koci ba ya jiran gobe. Muna zaune da rigunanmu jiƙe da gumi ya shigo, ya bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan tawa ya sa farce ya ɓamɓare filastar. Abin da bai saba yi ba, sai ya tsaya a kaina. Ya ce a gaban kowa, da Turancinsa mai nauyi, wai na fi yayana iya wasa kuma duk ɗakin nan ya sani, amma shi ba zai ajiye a gaban ragarsa yaron da yake zaɓen wanda zai tare ba. Ya jira in ce wani abu. Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini idan babba yana magana, shi kuma ya ɗauka ban damu ba ne, ya ɗaga kafaɗa ya fita. Da zai tsaga ƙirjina ya ga yadda na damu, da ya tsorata. Amma ban fi Yaya shiga uku ba, wanda yake zaune a gefena da sunansa a sama, bayan an gama faɗa wa kowa yadda ya same shi.

A mota Baba ya yi ta fara'a. Ya ce bai fahimci wasan ba amma ya fahimci abin da ya gani, kuma yau ya tabbata bai yi asarar tarbiyya ba. "Wallahi Sadiq ka faranta mini. Khalas, shi ke nan, kai baɗi ka shiga, yayanka ya samu bana, kowa ya ci riba." Ya tsaya ya saya mana shawarma kafin mu wuce masallaci. Yaya ya riƙe tasa a cinya har ta huce. Da muka iso gida Baba ya yi gaba, na kai hannu zan ɗauki sandunanmu kamar kullum, sai Yaya ya zare tasa daga hannuna. A kan matakala, tsakanin hawa na ɗaya da na biyu, ya juyo ya dube ni idonsa ja. Ya ce, "Da ka kayar da ni, faɗuwa ɗaya ce, in tashi in kakkaɓe. Wannan fa, yaya zan tashi daga ita?" Na buɗe baki in ce girmansa na kiyaye, sai na ga maganar ba za ta shiga ba. Ya haye ya bar ni da jakata.

Ya buga kakar har ƙarshe, kuma bai yi abin kunya ba. Sai dai yaran ƙungiyar sun laƙaba masa Hadiyya, wato kyauta da Larabci, kuma duk kuskuren da ya yi sai wani ya tambaye shi lafiyar ƙaninsa. Babbar ƙungiya ba ta ɗauke shi ba. Ya tattara kayansa ya bai wa ɗan wani abokin Baba, ya koma shago gaba ɗaya. Ni na shiga a shekarar da ta biyo, na buga shekara biyu, na ture yara ba adadi, har aka san ni da mugunta. Bai zo kallo ko sau ɗaya ba, ni ma ban taɓa samun bakin gayyatarsa ba.

Yanzu Baba ya koma Kano ya huta, Yaya ne ke riƙe da shagon, ni kuma ina aikin ofis a wani kamfanin dakon kaya a Jebel Ali. Ba mu taɓa faɗa ba, kowa a dangi yana ba da misali da zumuncinmu. Idan na leƙa shi a Naif sai ya miƙe tsaye ya ba ni kujerarsa, ya aika a kawo mini shayi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya rako ni har bakin titi yana godiya da ziyara. Haka yake yi wa manyan baƙinsa na sari, kuma ni duk lokacin da ya yi mini sai zuciyata ta yi nauyi, don na san yaron da ya roƙe ni abu guda a gaban mutane na hana shi. Da za a mayar da ni safiyar nan, da na haɗa shi da bango da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, sannan in cire safar hannu in ɗago shi. Na ba shi girmansa a ranar, na rasa yayana.